Raƙuma Biyar a Kan Kowane Haƙori

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ratsa ta kara inda ake tsayar da shanu da raƙuman da aka koro daga ƙasar Damagaram da abin da ke bayanta, ya san cewa babu dillalin kirki da zai sa wa dabba kuɗi sai ya ɗaga leɓenta ya duba bakinta, domin mai dabba yana iya rantsuwa a kan shekarunta ya zaftare biyu ko uku, amma haƙori ba ya taya kowa ƙarya. Ilimin mutanen kara bai tsaya ga ƙidayar shekaru ba. Makiyayin da ya ji saniyarsa ta bar tuƙa ta koma tauna haƙoranta, ƙas-ƙas-ƙas, ba ya jiran a gaya masa cewa wani abu yana cinta a ciki, kuma likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi da shi a kan haka. Mai raƙumi kuwa, in hunturu ya kama ya ji amalensa yana gurzar haƙora yana zubar da kumfa, ya san lokacin barbara ne, sai ya ƙara masa dabaibayi, ya kuma gargaɗi yara su yi nesa. Sauti ɗaya ne, amma kowane mai dabba yana tambayar abin da ke bayansa kafin ya yanke hukunci.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, wannan sautin da muke wa dabba tafsirinsa da irin wannan basira, in muka ji shi daga bakin ɗan Adam sai basirar ta gudu ta bar mu. Wata Laraba da dare na kwana a zauren wani fatoma a Maigatari tare da fatake kamar bakwai, kowa ya yi matashi da jakarsa, can dare ya raba sai na farka da wata ƙara mai kama da ana goga tsakuwa a kan tsakuwa, har na ɗauka jaɓa ce ta samu buhun gyaɗa, ashe daga bakin wani dattijo mai sayen riɗi take fitowa, mutum kamili mai yawan tasbihi, wanda da rana ko murya ba ya ɗagawa. Da aka idar da sallar asuba abokan tafiyarsa suka sa shi gaba da ba'a. Wani ya ce naman da ya hana kansa saboda rowa ne yake ci a mafarki, wani ya ce macijin ciki ne, wani kuma ya sassauta murya ya ce a dai nemi tofi. Dattijon ya rantse bai san an yi ba, kuma rantsuwarsa gaskiya ce, gama mafi yawan masu wannan hali ba su da labarinsa sai abokin kwana ya ba su.

Tun da a kasuwar raƙuma muke, bari in tuna wa mai karatu abin da ya karanta a Risala in ya zauna gaban malamin zaure: diyyar haƙori guda a shari'a raƙuma biyar ce, turmi ne ko na gaba. Mutumin Maigatari ba ya bukatar a lissafa masa abin da raƙuma biyar suke yi a kasuwar yau, kuma baligi mai cikakken baki yana da haƙora talatin da biyu. To ga dukiya mai wannan daraja tana niƙe kanta da kanta kowane dare a cikin ɗakunanmu, mu kuwa iyakar abin da muke yi mu yi dariya, ko mu ɗaka wa mai barcin duka a kafaɗa ya juya, ko mu aiki yaro kemis ya sayo maganin tsutsa. Ra'ayina shi ne mas'alar ta cancanci a yi mata irin tambayar da makiyayi yake wa saniyarsa, wato me ke motsa jikin nan har muƙamuƙi ya amsa.

Zancen tsutsa ba jahilci ne tsagwaronsa ba, yana da tsohon asali a littattafan tibbu. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekara ta 1037, ya keɓe wa taunar haƙora cikin barci fasali a cikin Alƙanun, inda ya danganta ta ga tsokokin muƙamuƙi, ya ce tana yawaita ga yara tana kuma gushewa in sun girma, sa'an nan ya lissafa tsutsar ciki cikin abubuwan da take iya nunawa. Maganarsa a kan yara zamani ya gaskata ta. Ta tsutsar ce aka sa a ma'auni a ƙasashe dabam-dabam, aka gwada bayan gidan yara masu tauna da na marasa tauna, sai sakamakon ya yi ta saɓani, wasu suka ga 'yar alaƙa wasu ba su ga komai ba. A ƙasa irin tamu kuwa, inda yaron da bai taɓa yin tsutsar ciki ba abin nema ne, samun tsutsa a cikin yaro mai tauna haƙora bai zama hujja ba, kamar yadda samun ƙura a rigar ɓarawo cikin hunturu bai nuna ƙura ce ta sa shi sata ba. A ba yaro maganin tsutsa saboda tsutsar, wannan alheri ne. Amma uwar da ta ba shi sau uku a wata ɗaya don tana jiran ƙarar ta daina, ita ce nake jin tausayin kuɗinta da cikin ɗanta.

Su ma Turawa sun daɗe suna laluben duhu. Likitoci biyu a Faransa ne suka raɗa wa abin suna a shekara ta 1907, suna ganinsa wani nau'in taɓuwar jijiya. Daga baya, musamman wajen 1961, ra'ayin da ya rinjaya a tsakanin likitocin haƙori shi ne laifin yana ga zaman haƙoran, wai in na sama da na ƙasa ba su dace daidai ba sai baki ya yi ta ƙoƙarin goge tudun da kansa, saboda haka aka shekara da shekaru ana kankare wa mutane lafiyayyun haƙora da sunan daidaitawa. Da aka zo aka yi tahakiki sai aka tarar akwai masu haƙora jere kamar an sa zare suna tauna har maƙwabta su ji, akwai kuma masu haƙora a hargitse da suke kwana shiru. Na kawo wannan ne don kada wani ya zaci kakanninmu kaɗai suka yi kuskure a kan mas'alar. Kuskuren kakannin namu ma bai ci haƙorin kowa ba.

Haske ya fara samuwa ne lokacin da aka bar duban haƙori aka koma duban barcin kansa. A birnin Mantiriyal na ƙasar Kanada, wani malamin jami'a mai suna Gilles Lavigne da almajiransa sun yi shekaru suna kwantar da mutane a ɗakin gwaji, su manna musu wayoyi a kai da ƙirji da kumatu, na'ura ta kwana tana rubuta abin da ƙwaƙwalwa da zuciya da tsokar muƙamuƙi suke yi. Abu na farko da suka gano, wanda ni a ganina ya fi sauran ban mamaki, shi ne kusan mutum shida cikin goma na masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba wanda ya taɓa jin ƙarar haƙoransu, su ma muƙamuƙinsu yana yin wani motsi irin na tauna cikin barci, kamar sau ɗaya ko biyu a awa, a hankali, ba tare da haƙora sun gogu ba. Wato motsin ɗabi'a ce da aka halicci jiki da ita. Mai taunar haƙora bai zo da baƙon abu ba, illa dai nasa motsin ya ninka na sauran mutane a yawa da ƙarfi, har haƙori ya hau kan haƙori ya yi ƙara.

Abu na biyu shi ne jerin yadda lamarin ke faruwa, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Mutum ba ya barci shimfiɗa ɗaya kamar an jefa dutse a rijiya. Yana nitsewa yana tasowa, kowane zagaye kamar awa ɗaya da rabi, kuma a cikin kowace awa yana yin wasu 'yan farkawa na daƙiƙa uku zuwa goma sha biyar waɗanda ba ya tuna ko ɗaya daga cikinsu da safe, kamar mai gadin da yake ɗaga kai ya saurara sa'an nan ya mayar. Na'urar ta nuna cewa 'yan mintoci kafin a ji ƙarar, jijiyoyin da ke zaburar da jiki sun riga sun fara tashi. Kamar daƙiƙa huɗu kafin ta, ƙwaƙwalwa ta zabura. Kamar daƙiƙa ɗaya kafin ta, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya zurfafa. Sai tsokokin ƙarƙashin haɓa masu buɗe baki da maƙogwaro su motsa. Daga ƙarshe ne tsokokin kumatu da na gefen goshi, masu rufe baki, suke kama aiki, sau da yawa kuma a rufe da haɗiyar yawu. Kusan kashi tamanin cikin ɗari na taunar tana zuwa ne a bayan irin wannan 'yar farkawa. Ashe muƙamuƙi shi ne na ƙarshe a sahu, kamar mai shela wanda sai fada ta gama shawara yake fitowa da ganga, mu kuwa da yake shi kaɗai muke ji sai muka ɗora masa laifin duka.

Wanda ya karanta Ishmawi zai tuna yadda malamanmu na Malikiyya suka kasa barci gida huɗu a babin abubuwan da ke warware alwala, suka bambanta mai nauyi da mai sauƙi, dogo da gajere, suka sa alamar mai nauyi ita ce mutum ya daina jin abin da ke kewaye da shi, ko abin da ke hannunsa ya faɗi bai sani ba. Manufarsu tsarki ce, ba tibbu ba, amma sun riga sun lura cewa barci hawa-hawa ne. Masu na'ura sun tarar galibin taunar haƙora tana aukuwa ne a hawa mai sauƙi, ba a cikin nitso mai zurfi ba, kuma kaɗan ce ƙwarai take faɗawa a hawan da aka fi yin mafarki, domin a wannan hawan jiki yana sake tsokoki su yi laƙwas. Saboda haka mai cewa dattijon nan nama yake ci a mafarki ya yi ba'a mai daɗi, amma na'ura ba ta goyi bayansa ba. Kuma tun da shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan mai barci har ya farka, ban ga dalilin da zai sa mu ci gaba da kunyata yarinya, ko a riƙa raɗe-raɗi a kan amarya a gidan miji, saboda abin da ba ta san ta yi ba.

In dai taunar bin 'yar farkawa take yi, to tambayar ta zama mai sauƙin fahimta, ko da amsarta tana da rassa: me ke yawaita farkawar, ko ya ƙara mata kaifi? Wani bincike da aka buga a 2001, wanda aka tambayi mutum dubu goma sha uku da 'yan kai a Ingila da Jamus da Italiya, ya samu kamar kashi takwas cikin ɗari suna tauna haƙora aƙalla sau ɗaya a mako, kuma abin ya fi yawa ga masu minshari mai ƙarfi da waɗanda numfashinsu ke sarƙewa cikin barci, da masu shan taba, da masu shan giya, da masu yawan shan kofi, da masu damuwa da fargaba. Binciken tagwaye a ƙasar Finlan ya nuna akwai rabon gado a ciki. A Jafan kuma an gwada an ga ruwan ciki mai tsami da ke tasowa maƙogwaro, wanda mu muke kira ƙwarnafi, yana tayar da motsin. Wasu magungunan asibiti na ciwon damuwa su ma suna haddasa shi ga wasu mutane.

Mu a nan ƙasar Lautai, inda Maigatari take, giya ba ita ce matsalarmu ba, kuma ƙoƙon kofin Bature bai dame mu ba, amma sinadarin da ke cikin kofi mai korar barci shi ne dai a cikin goro, shi ne a cikin ganyen shayi. Dattijon da ke ɓare goro bayan isha'i don hira ta yi daɗi, da saurayin da ke zaune gaban 'yar butar shayi irin ta mutanen Nijar ana zagaye na ɗaya da na biyu da na uku har sha ɗayan dare, da direban da ke ɗaukar kaya daga Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa Kano yana kora Nescafé da lemon ƙarin kuzari don kada ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari, duk sun sha abu ɗaya da sunaye dabam-dabam, kuma rabin abin da aka sha yana nan a jini bayan awa biyar. Ba ina kiran a bar goro ba ne, don wanda ya ce Bahaushe ya bar goro ya nemi a bar karanta shi. Cewa nake yi a mayar da shi hantsi da azahar, musamman ga wanda iyalinsa suka ce suna jin ƙarar bakinsa. Haka nan tuwon dare mai yaji da man gyaɗa da ake ci a kwanta nan take, ga mai ƙwarnafi, gayyatar abin ne da hannu biyu.

Batun damuwa kuwa ina taka shi a hankali, domin ya zama jakar da kowa yake zuba abin da ya rasa wurin ajiyewa. Duk da haka ba zan yi kamar ban ga abin da ya wuce ta kan mutanen wannan yanki ba. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024 aka ɗage. A tsakani ga ƙarancin takardun naira, ga cire tallafin mai. Garin da numfashinsa yake a bakin iyaka, in aka toshe iyakar sau biyu cikin shekara biyar, dillali da fatoma da mai kura da mai sayar da abinci a tasha duk da lissafi suke kwanciya. Namijin ƙasarmu an hore shi da ya cije, kuma wannan kalma ta “cijewa” da muke yabon mai haƙuri da ita ta fi kusa da zahiri fiye da yadda muke zato, domin akwai masu datse haƙora da rana tsaka suna farke, a kan babur ko a gaban littafin bashi, ba su sani ba sai kumatu sun gaji. Wannan na farke shi ne ya fi manne wa damuwa, shi ne kuma mutum yake iya horar da kansa a kansa, ta hanyar tuna cewa in ba ci ake yi ba ko haɗiya, leɓɓa ne ke haɗuwa, haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna.

Ga yara, waɗanda abin ya fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, galibi haƙuri ne magani, kamar yadda Ibn Sina ya faɗa, gama yana raguwa da shekaru har ya zama kaɗan ne cikin tsofaffi suke yi. Abin da nake roƙon uwa ta saurara shi ne numfashin, fiye da haƙoran. Yaron da ke kwana baki buɗe, yana minshari kamar babba, yana birgima, ya tashi da safe a gajiye, mai yiwuwa hanci ne a toshe, ko tsokokin maƙogwaro da na bayan hanci sun kumbura sun ƙuntata hanya, kuma ƙurar hunturu da hayaƙin itace a ɗaki ba sa taimaka masa. A Birazil an bi yaran da aka yi wa aikin cire waɗannan tsokoki saboda toshewar numfashi, aka ga taunar ta ragu ga da yawansu. Wannan aikin likita ne bayan ya duba, ba aikin askar wanzami ba ne, kuma cire beli ba ya kusa da wurin da matsalar take.

Wajibi ne kuma in raba wannan da wani abu mai kama da shi a kunne alhali tsakaninsu akwai rai da mutuwa. Yaron da ke tauna haƙora cikin barci, jikinsa sanyi ƙalau, in an tashe shi ya tashi ya san uwarsa, wannan shi muke magana a kai. Amma wanda jikinsa ya yi zafi, ya datse haƙora, idanu suka kafe, gaɓoɓi suna fizga, ko wuya ya sanƙare, ko baki ya ƙi buɗuwa bayan wani rauni, wannan taune-taune ne ko sanƙarau ko abin da ya yi kama da su, kuma ba a kwana da shi a gida, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa jiƙo. Mutanen wannan yanki ba su manta da 2023 ba, shekarar da mafi yawan waɗanda aka zargi sun kamu da sanƙarau a Nijeriya duka daga Jigawa suka fito, a nan gefen da ke kallon Damagaram.

Babban mutum da ke son ya san ko yana cikin masu yi, ya tambayi iyalinsa tukuna, sa'an nan ya lura da safiyarsa: gajiyar kumatu, ciwon kai a gefen goshi da ke sauka kafin hantsi, haƙorin da ke tsirawa in ruwan randa ya taɓa shi, turamen da suka baje kamar tsohon dutsen niƙa, ko wanda ya tsage ba tare da an tauna ƙashi ba. Sai dai cinyewar haƙori ita kaɗai ba shaida ba ce, domin tsakuwar da ke cikin garin da ba a rege da kyau ba tana ci, tsamin zoɓo da tsamiya da lemon kwalba yana laushe fatar haƙori, wanda kuma ya goge baki da ƙarfi nan take bayan ya sha su ya taimaka wa tsamin. Masana da suka taru daga ƙasashe suka fitar da matsaya a 2018 sun ce taunar haƙora ga mai lafiya ɗabi'a ce, ba a kiranta cuta sai ta fara ɓarna. In ta fara, likitocin haƙori, irin waɗanda ake samu a Dutse ko a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, suna auna bakin mutum su ƙera masa wata 'yar roba mai tauri da zai riƙa sawa da dare. Robar ba ta hana muƙamuƙi motsi, tana dai shiga tsakani ne ita ta cinye a madadin haƙorin, kuma mai minshari mai sarƙewa ya kamata ya faɗa wa likita kafin a yi masa, don ga wasu irinsa tana iya ƙara ƙuntata numfashi.

Dattijon nan mai riɗi, da hayaniya ta lafa muka fito ƙofar zaure muna jiran koko, na tambaye shi ko yana tashi da ciwon kai. Ya dube ni da mamaki ya ce shekara uku ke nan, har ya canja hula sau biyu yana zaton ita ke matse shi. Na ce goro fa? Ya zaro ɗan ƙunshin ganye daga aljihu ya nuna mini, ya ce biyar yake ci a yini, na ƙarshen kuma sai ya shimfiɗa buzu yake ɓare shi.